Ƙarfe Biyar ɗin Garuba Reluwe

Bugun farko ban gan shi ba, jin sa na yi. Ina cikin kankare ƙanzon shinkafa a rumfata, daura da get ɗin kamfanin casar shinkafa, sai na ji wani tim kamar an jefo buhu daga kan tirela. Sai kuma muryar Kingsley, mai kula da babban inji, daga can ciki: "Za ku kashe shi! Wallahi za ku kashe mutum!"

Na yar da cokali na ruga, zani a hannu. Get ɗin a kulle yake da kwaɗo kamar kullum, amma akwai tsaga tsakanin ƙyauren biyu, inda nake miƙa wa leburori ruwan leda. Nan na kafa ido.

Malam Garuba ne a ƙasa. Maƙwabcina, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tawa a gidan hayarmu na Dutsen Kura, yau shekara tara. Ya duƙunƙune a kan siminti, hannuwansa biyu dunƙule a ƙirji, ko kansa bai kare ba. Ndanusa, shugaban masu gadi, yana tsaye a kansa da tsohon bel ɗin inji da ya ninka biyu. Wasu ƙarti biyu da ban taɓa gani ba suna ta ƙwallo da shi, ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a ciki. Sauran ma'aikatan an turo musu ƙofar shagon injuna an sa sakata, sai dukan ƙarfe suke yi daga ciki.

"Kawo agogo!" in ji Ndanusa, ya sake zabga masa bel a gadon baya. "Baba, kawo agogo, ka huta!"

Na ɗauki wani dutse da nake danne tamfol da shi, na shiga dukan get da iya ƙarfina.

"Ndanusa! La'ananne! Sa'an ubanka ne fa! Allah ya isa shinkafata da ka ci!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ɗaya daga cikin ƙartin ya ja da baya, ya taho da gudu, ya saka wa Malam Garuba takalmi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Wannan shurin ne na ji a jikina. Dattijon bai yi ihu ba, wata irin iska ce kawai ta fito masa ta baki.

Anwar, manajan kamfanin, ɗan ƙanwar mai wurin, yana tsaye a kan matakalar ofis da rigarsa a goge. Sai da ya ga inuwar ƙafafun mutane ta yi yawa a ƙarƙashin get sannan ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Ku fitar min da shi. Baba, ka je gida ka yi ta duba lokaci har ka gaji."

Suka buɗe ƙaramar ƙofa, suka wurgo shi gaban rumfata. Na durƙusa na tallabo kansa. Leɓensa ya fashe, ƙurar ɓuntu ta manne a jinin. A hankali ya buɗe hannunsa. Agogon na ciki, gilashinsa ya tsage gida biyu.

"Basira," ya ce, "idona ba ya gani sosai. Duba min, yana tafiya?"

Na kara a kunne. "Yana tafiya. Biyar da minti goma sha ɗaya."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi.

Bari in faɗi yadda aka yi agogo ya zama abin dukan dattijo.

A jikin get ɗin nan akwai takarda, har yanzu tana nan, rana ta cinye ta. Ta ce aiki daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma, awa ɗaya ta abinci da salla, duk abin da ya ɗora a kan haka akwai kuɗin ƙarin lokaci. Takarda dai ta yi kyau. Amma da safe, kafin mutum ya shiga, sai ya jefa wayarsa da agogon hannunsa a wani bokitin fenti da ke gaban Ndanusa. Wai don kada bel ya kama hannun wani. Cikin shagon kuwa babu taga, sai ƙwan lantarki da ƙura, ga ƙugin inji da ba ya barin ko kiran salla ya shiga. Lokaci ɗaya ne a wurin, na wani farin agogon roba da ke saman ƙofar ofishin Anwar.

Da azahar, idan an fito cin abinci, sai Anwar ya jawo kujera ya hau, ya mai da hannun agogon baya. Ba ma ɓoyewa yake yi sosai ba, kowa ya san kujerar, har sawun takalminsa na kanta. Sai agogon bango ya ce biyar, a buɗe get, mutum ya fito ya tarar ana alwalar magariba. Ya ciro wayarsa daga bokiti, ta ce masa shida da rabi. Ran Asabar kuma a ba shi kuɗin kwana shida cif, na wanda ya tashi biyar.

Kingsley ya taɓa gwada magana. "Oga, wayana ya ce shida da rabi ne fa."

"Wayarka ce ke biyan ka?" in ji Anwar. "A nan agogon kamfani ake bi. In bai yi maka ba, leƙa waje ka ga masu jiran gurbinka."

Shi ke nan, magana ta mutu. Maza arba'in da wani abu, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Malam Garuba ɗinke bakin buhu yake yi da ƙaramin injin hannu. Baba Reluwe suke ce masa, don ubansa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, cikin waɗanda layin dogo ya kawo Minna suka zauna. Abin da uban ya bar masa bai wuce agogon aljihu ba, mai murfi da 'yar sarƙa, wanda ake wana shi da hannu. Kullum bayan asuba zan ji shi a bakin ƙofa, ƙirit, ƙirit, yana murza kansa. Ya goge shi da gefen riga, ya mayar cikin gwangwanin alewa. Ba ya fita da shi. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, irin wanda akuya za ta ci masa tuwo ya ce wataƙila ta fi shi jin yunwa.

Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Wannan sata ta awa ɗaya da rabi har ni take ci, don ba na tashi sai sun fito sun ci na yamma. Miya ta huce, gawayi ya ƙare, in isa gida a gajiye ina faɗa da kowa. Wata Lahadi ina wanke tukwane a tsakar gida, shi kuma yana zaune yana shafa agogonsa, matarsa Maimuna na tsince wake, sai bakina ya kufce.

"Malam, wai me wannan abin yake yi maka? Kullum kana lallashinsa kamar jariri. Lokacin gaskiya na cikin gwangwani, kai kuma kana can yaro ƙarami yana hawa kujera yana yi muku wasa da hankali. Ku maza arba'in, agogon roba ɗaya ya gagare ku! Ku ba mu wandunan mana, mu ba ku zannuwa."

Maimuna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya Basira, bakinki dai!"

Shi ma ya yi murmushi. Ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya ce, "Babanmu ya ce a tasha, in jirgi ya makara minti uku sai an rubuta. In ma'aikaci ya wuce lokacinsa, shi ma sai an rubuta."

Ran Litinin ya ɗaure agogon a zariyar wandonsa, ya jefa wayarsa a bokiti, ya wuce. Kingsley ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Agogon bango na cewa uku da rabi, sai Baba Reluwe ya ajiye injin ɗinki, ya kwance zariya, ya buɗe murfi, ya ce da ƙarfi, "Biyar ta yi." Ya wanke hannu, ya je ya zauna a benci bakin get. Ba a buɗe masa ba, shi ma bai ce a buɗe ba. Ya zauna har sauran suka tashi.

Talata mutum biyar suka zauna tare da shi. Laraba, da ya ce biyar ta yi, Kingsley ya miƙa hannu ya kashe babban inji. Na leƙa ta tsaga na gan su jere a ƙasa, sun miƙe ƙafafu, Anwar na ta zagaye da waya a kunne kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Ranar na yi guɗa a bakin titi. Da suka fito kowa sai da na ƙara masa nama, shi kuwa Malam na ce, "Ashe dai akwai namiji a gidanmu!"

Alhamis aka kawo ƙartin nan biyu.

A Keke Napep muka kai shi gida, ni da Kingsley, yana jingine a kafaɗata. Maimuna na ganin mu ta ɗora hannu a ka. Na ce asibiti, ya ce a'a.

"Haƙarƙari ne kawai. Asibiti sai su riƙe ni, su ce sai an zo da takardar 'yan sanda. A kira mai ɗori."

Mai ɗori ya zo, ya danna nan, ya danna can, ya ce ƙashi biyu sun tsage, a yi ta gashi da ruwan zafi. Ni na karɓi aikin, don Maimuna ta ce ba za ta iya ba. Na tafasa ruwa, na tsoma tawul, na dinga danna masa a gefen ciki, inda takalmin nan ya sauka. Safe da yamma. Yana cije leɓe ina cewa, "Daure, Malam, jinin da ya taru ne yake narkewa." Na shafe shi da man zafi. Da hannuna na yi, da zuciya ɗaya, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in sa hannun a wuta.

Ran Juma'a ya ce kafaɗarsa ta hagu ke ciwo. Muka duba, ko ƙwarzane babu.

"Inda aka doke ka bai dame ka ba, sai inda ba a taɓa ba?" na ce, ina tsokanarsa. Ya yi ɗan murmushi, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha kofi uku, ya ce a ƙara. Leɓunansa sun yi fari, amma muka ce rashin cin abinci ne.

Asabar da safe ban ji ƙirit ƙirit a bakin ƙofa ba. Ina ɗaura ɗankwali sai ga Maimuna. "Yaya, zo ki ga cikin Malam."

Ya kumbura, ya yi tauri, gumi mai sanyi na karyo masa. Wannan karon ban tambaye shi ba, na fita titi na tare mota.

Likitar da ta duba shi, wata 'yar siririya mai tabarau, ta danna cikin sau ɗaya ta ɗago. "Saifarsa ce ta fashe. Jini yake zuba a ciki tun ranar da aka buge shi. Wannan jan da ke fatarsa fa?"

"Gashi muka yi masa," na ce.

Ta dube ni, ta mai da idonta kan cikinsa. Da ma ta zage ni, da ya fi min sauƙi. Ta ce a nemo jini leda huɗu, yanzu yanzu, za a shiga da shi tiyata. Na aika a kira Kingsley ta tsagar get, tunda wayarsa na bokiti. Kafin rabin awa ga su nan sun cika baranda, su goma sha wani abu, da ƙurar ɓuntu a gashin ido, sun bar aiki sun taho, kowa na naɗe hannun riga.

Ana can ana gwada jininsu, ni da Maimuna muna gefen gadonsa. Ya yafito ni da yatsa.

"Basira, kin yi shiru. Ba kyau."

"Malam, ni na ja maka. Bakina ne. Kuma ni na gasa ka."

"Kayya." Ya numfasa da ƙyar. "Shekara biyu ina son in yi. Tsoro nake ji. Ke dai kin riga ni faɗa ne." Ya juya wajen matarsa. "Yau ban wana shi ba. Sau goma sha biyu ake murzawa. Kada a wuce, zai tsinke."

Maimuna ta ce to, tana share masa goshi. Ya fara salati a hankali, muna taya shi. Lokacin da ma'aikaciyar jinya ta turo keken da za a ɗauke shi, da leda biyu na jini a hannunta, ya riga ya tafi. Sha biyu da kwata na rana. Na sani, don agogon na hannun Maimuna.

Bayan la'asar aka kai shi. Mu mata muna gida, amma na kasa zama, na ce bari in je in kwashe kayan rumfata. Ina isa ma'aikatan na isowa, kai tsaye daga maƙabarta, da jar ƙasa a ƙafafunsu. Ba su yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Suka sa kafaɗa a get gaba ɗaya, sau uku, kwaɗon ya tsinke.

Ƙartin haya ba sa nan, an sallame su tun ranar. Anwar ya hango taron ta taga, ya haura katangar baya, ya faɗa kan tsibin ɓuntu, ya bar takalmi ɗaya. Ndanusa suka samu a ɗakin gadi, ya shige ƙarƙashin tebur. Suka jawo shi ta ƙafa har tsakiyar fili, daidai inda aka kwantar da Malam. Wani ya ɗauko bel ɗin nan. Na ji ƙararsa a bayan mutum karo na biyu cikin kwana uku. Wani ya sauke masa bokitin wayoyi a ka, wani ya taka masa hannu har na ji ƙas. Haƙoransa biyu na gani a kan siminti.

Ba zan yi ƙarya ba, ina bakin get ina cewa, "Ku ƙara masa! Ku ƙara masa!" Har muryata ta dushe. Sai da ya duƙunƙune, ya dunƙule hannuwa a ƙirji, wani ya ja da baya zai taho da gudu, sannan bakina ya mutu. Na san inda takalmin zai sauka. Kingsley ne ya tare mutumin da ƙirjinsa.

"Ya isa! Baba bai aike mu wannan ba!"

Ya juya ya shiga shago, ya jawo kujerar Anwar, ya hau, ya ciro farin agogon. Ya fito da shi fili ya sa masa sifana, bugu ɗaya, biyu, har sai da batirin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Sannan ya karya kujerar a jikin bango. Ana haka motar 'yan sanda ta iso, barkonon tsohuwa ya tashi, kowa ya kama gabansa. Na kwana biyu idona na zuba, ban san wanne ne na hayaƙi ba, wanne ne nawa.

An kama mutum bakwai, har da Kingsley, aka sake su bayan kwana tara. Ndanusa ya yi jinya ya bar gari. Wasu mutum biyu masu kula da haƙƙin ma'aikata sun zo da takardu, suka ce doka na bayan leburori, amma sai da shaida. Na ba su shaida, na dangwala yatsa. Sun ce magana na gaba, muna dai jira.

Bayan sati uku kamfani ya buɗe. Sabon kwaɗo, sababbin masu gadi, sabon agogo, wannan karon baƙi. Anwar ya dawo da sabon takalmi. Bokitin fenti ne kawai ba a sake ba, an dai buga shi ya miƙe. Ma'aikatan suka koma, don yunwa ba ta san an yi rasuwa ba. Ranar farko aka tashe su ƙarfe biyar daidai. Rana ta biyu, biyar da rabi. Kafin sati ya zagayo, sai ga su suna fitowa ana alwalar magariba, kowa kansa a ƙasa, ba mai iya haɗa ido da ni.

Ranar na koma gida na tarar da Maimuna zaune a ɗaki cikin takaba, gwangwanin alewa a cinyarta.

"Yaya, karɓi abin nan. Ina wana shi kamar yadda ya ce, amma ba na iya jin ƙararsa a ɗakin nan. Ji nake kamar zai yi sallama."

Da safe na murza shi sau goma sha biyu, ina ƙirgawa a fili. Na kafa ƙusa a ginshiƙin rumfata na rataye shi. Da Kingsley ya zo shan koko, na nuna masa da haɓa.

"Bokitinsu bai kai nan ba," na ce. "Nan titi ne. Ka gaya wa masu lodi a fili su buɗe kunne."

Ya dubi agogon, ya dube ni. "Mama, rumfa ɗin nan fa a jikin katangansu yake. Za su rushe."

"Su rushe. Sha kokonka."

Wunin ranar ban san me na sayar ba. Na zuba wa wani miya sau biyu, na hana wani cokali. Tun huɗu da rabi idona ke kan agogon. Da dogon hannun ya hau kan sha biyu, ƙarƙashin tsagar gilashin, na cire tamfol na ɗauki dutsen nan. Na taka, na tsaya gaban get, na ɗaga hannu biyu na buga. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar.

Sabon mai gadi ya leƙo ta tsaga. "Ke, lafiya? Hauka kike yi?"

"Biyar ta yi," na ce masa.

Na koma rumfa na zauna a kan benci, dutsen a cinyata. Inji na ta ƙugi kamar ba abin da ya faru. Minti ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Na ji muryar Anwar a ciki, sama sama, yana yi wa wani tsawa. Na ce a raina, shi ke nan, Basira, kin sake yin surutunki na banza.

Sai ƙugin ya sauya. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, bel ya ja wani dogon numfashi, ya tsaya. Ƙaramin injin ma ya bi shi.

Shekara shida ina sayar da abinci a wurin nan, ban taɓa jin shiru irin na yammacin nan ba, ga rana har yanzu a sama. Ƙurar ɓuntu na sauka a hankali kan murfin tukwanena. A jikin ginshiƙi, kan ƙusarsa, agogon Malam Garuba na tafiya, har daga inda nake zaune ina jin sa.